Hannun Rigar Tiziano

Mai girma Shugabar makaranta, Malama Graciela. Mai girma wakilin magajin gari, wanda na ga ya fara duban agogo. Malamanmu maza da mata. Iyayenmu da ke ta fifita da takardar tsarin taro. 'Yan'uwana 'yan ajin farko na sakandare. Jama'a baki ɗaya, barkanku da yamma.

Sunana Aldana Benítez. Na faɗa ne saboda akwai malaman da suka shekara suna koyar da ni, amma yau suka fara jin muryata. Ina godiya ga 'yan ajinmu da suka zaɓe ni Abokiyar Kirki ta bana. Ina godiya ga Malama Norma, mai kula da ajinmu, da ta rubuto mini jawabi mai daɗi a kan zumunci. Yana aljihuna, Malama, kuma a can zai zauna. Ki yi haƙuri. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Akwai abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, har mamata. Ranar da aka buɗe ƙuri'un zaɓen nan a aji, an sami guda ɗaya tak mai sunan Yael Kaplan, Bayahudiya ɗaya tilo a cikinmu. Aji ya kwashe da dariya. Tiziano ya haye benci ya ce, "Kai jama'a, 'yar Rasha ta zaɓi kanta! Su fa ko ƙuri'a ba sa bayarwa kyauta!" Yael ta ce, "Na rantse ba ni ba ce." Ba wanda ya yarda. To, gaskiya ta faɗa. Ƙuri'ar tawa ce. Ina zaune a bayanta, na sunkuyar da kai, na bar ta da su.

Yau babanta ya zo karɓar takardar canjin makaranta. Ga su can kusa da ƙofa. Jiya na tambaye ta ko zan iya ambaton sunanta a nan, ta ce, "Ambata mana, me ya rage?"

Magana ta farko, shayinmu na gargajiya da ake kira mate. Kowa a nan ya san dokarsa tun kafin ya iya ɗaura igiyar takalmi: ƙoƙo ɗaya, bututun zuƙa ɗaya, a zagaya da shi, ba a tsallake kowa, ba a goge bututu. A ajinmu Tiziano ne mai filas, shi ke zubawa lokacin hutu. Facundo yana sha da mura, hancinsa na zuba kamar famfon bayan ɗakin girki, ba a gogewa. Lisandro yana sha da ɓarɓashin biskit a leɓe, ba a gogewa. Amma in Yael ta sha ta miƙa, sai Tiziano ya kama hannun rigarsa ya murje bututun, a hankali, yana kallonmu, mu kuma muna murmushi. Jama'a, ina roƙonku, in an tashi ku je ku ga hannun rigar nan. Da shi yake share gumi, da shi yake share hanci, da shi yake goge ƙwallo. Rigar da tun buɗe makaranta a watan Maris ba ta gaisa da sabulu ba, ita ce ke tsarkake mana bututu! Lallai gwano ba ya jin warin jikinsa.

Magana ta biyu, sunan nan, 'yar Rasha, laƙabin da ake yi wa Yahudawa a nan. Yael ba ta taɓa wuce birnin Rosario na nan ƙasar ba. Kakan kakanta ya yi noma a lardin nan, kabarinsa na nan bayan gari, kakanta kuwa har gobe a kan doki yake zagaya shanunsa. Shi kuwa Tiziano, da bakinsa ya ba mu labari a darasin tarihi cewa kakansa daga Italiya ya sauko a jirgin ruwa da akwati ɗaya. Ba laifi ba ne, nawa kakan ma daga Paraguay ya ƙetaro. Amma wanda ya zo da la'asar ne yake ce wa wanda ya zo da asuba, "Ke, koma garinku." Kuma ban ce shi ya ƙirƙiro ba. Iyayenmu, ku gafarce ni: maganar da yaro ya zo da ita makaranta ranar Litinin, a gida, a bakin gashin naman ranar Lahadi, ya tsince ta.

Magana ta uku, malamanmu. An ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Tagar ɗakin malamai kuwa tana kallon inda muke zama, amma shekara guda babu abin da aka hango. Da Yael ta kai ƙara, Malam Osvaldo ya dafa kafaɗarta ya ce, "Haba 'yata, wasa ne, kin cika ɗaukar abu da zafi." Da babanta ya zo da kansa, sai makaranta ta tashi tsaye: aka sayo fenti. Muka tsoma tafin hannu, ja da kore da shuɗi, muka manna a bango, aka rubuta DUKANMU ƊAYA NE. Ga shi can, ya yi kyau. Hannun Tiziano ne mafi girma, har sau biyu ya manna. Washegari ya goge bututu, da sauran koren fenti a farcensa.

Magana ta ƙarshe tamu ce, 'yan aji. Na tambayi Brisa dalilin da ya sa kuka zaɓe ni, ta ce, "Ke ai ba ruwanki, ba kya faɗin komai." Ashe a wurinmu abokin kirki shi ne wanda ya gani ya yi shiru. In haka ne, kujerar malami ta fi ni cancanta, domin ita ko murmushi ba ta yi.

Allah ya ba malamanmu hutu mai daɗi, ya ƙara wa tagarsu haske. Allah ya saka wa iyayenmu da alheri, ya tuna musu cewa yara na da kunne. Allah ya ba Tiziano sabulu. Allah ya ba mu bakin magana a lokacin da magana ke da amfani, ya mai da kowa gidansa lafiya.

Yael, ba zan roƙe ki ki zauna ba. Ba ni da bakin roƙon, kuma ke da babanki kun fi ni sanin inda ɗakin yake yoyo. Abin da na yi kawai shi ne, na karɓo ƙoƙon kakana da filas ɗinsa. Daga watan Maris, in an dawo hutu, ni zan riƙa zuba nawa, a ƙarƙashin matakala. In kin dawo, ke ce ta farko da zan miƙa wa, duk mai son sha kuma a bayanki zai sha, da hannunsa a aljihu. In ba ki dawo ba, ba zan koma da'irarsu ba. Gidanku zan zo ranar Lahadi da yamma, in kin buɗe mini.

Na gode.