Gudumar da Na Kai Gidan Biki a Tsafe

Salama gare ku 'yan'uwa, a cikin sunan Yesu Almasihu. Haleluya!

Sunana Yohanna. Yawancinku a bayan ganga kuka san ni, ran Lahadi. Yau da baki zan yi magana.

Kiɗa ne sana'ata tun ina saurayi. Da kalangu na fara, wajen mahautan Gusau, daga nan aka riƙa jana filin dambe. Na yi gangar noma a gayya a Furfuri har tafin hannuna ya tsage. Da na koyi konga, doguwar gangar nan ta tafin hannu, da gangunan Turawa, waɗanda ake bugawa da hannu da ƙafa, sai otal-otal suka buɗe mini. Inyamurai su kira ni bikinsu, Yarabawa su kira ni bikin sunan 'ya'yansu. Da aka ba mu jihar Zamfara kuwa, buki ya yi yawa, sai na zaɓi wanda zan je.

Akwai abokina Iliya, tare muka taso. Ni na koya masa riƙe gula, sandar kiɗa. Duk ƙungiyar da na shiga sai na ce a ɗauke shi.

Na daɗe ina haɗa wani kiɗa nawa na kaina: taken dambe na kalangu, na ɗora shi a kan konga. Ba wanda na nuna wa sai Iliya. A 1997 wani mai buga kaset ya zo daga Kaduna, ya ji mu, ya ce zai kai ƙungiyarmu ɗaukar murya. A makon tafiyar zazzaɓi ya kwantar da ni. Iliya ya zo dubiya, ya ce, "Kwanta abinka, an ɗaga tafiyar." Ashe ya je ya gaya wa shugabanmu wai giya ta lalata mini hannu, ba na iya riƙe kiɗa. Ni da ban taɓa kai giya bakina ba!

Suka tafi ba ni. Kaset ya fito, kiɗana ne daga farko har ƙarshe, mawaƙin kuma yana kiran sunan Iliya a ciki, yana yi masa kirari.

'Yan'uwa, ku ji azaba. In na shiga tasha, kiɗana. In na ratsa kasuwa, kiɗana. Mai shayin bakin layinmu ma shi yake sawa. Masu buki suka daina aiko mini, don maganar giyar ta zaga gari. Na tare Iliya a hanya na ce, "Me na yi maka?" Ya yi dariya ya ce, "Yohanna, kiɗa ai ba gadon gidanku ba ne."

Daga ranar na daina zama mutum. Ba mutuwarsa nake so ba, a'a. So nake ya rayu, ya tsufa, da hannuwan da ba za su iya ɗaga cokali ba. In na durƙusa addu'a, abin da nake roƙo ke nan: "Ubangiji, ka shanye masa yatsu." In na bugi ganga fuskarsa nake gani a kan fatar. Wata Lahadi na fasa fatar gangar coci ana tsakiyar yabo. Fasto ya kira ni gefe ya ce, "Ɗana, wannan ba yabo ba ne, faɗa kake yi. Ka bar wa Allah ramuwar." Na ce to, amma a zuciyata na ce Allah ya cika jinkiri.

Matata Talatu ta yi kuka har ta gaji. Ta ce, "Baban Rahila, mutumin nan ya sace maka kiɗa, kai kuma ka ba shi mijina kyauta." Ban ko kalle ta ba.

Shekara ta zagayo, na ji Iliya zai yi wasa a bikin ƙanwarsa a Tsafe. Na je wajen wani maƙeri na sayi guduma, na naɗe ta a tsumma, na sa a jakar da nake zuba gula. Na hau mota da rana tsaka. Zuciyata fes, har gyaɗa na saya na ci a hanya. Na riga na tsara komai: hannun dama zan fara.

Na isa ana cin abinci kafin a fara wasa. Ga shi can zaune a benci, ya juya mini baya, ya ɗora hannu a kan konga yana hira. Na zura hannu cikin jaka. Na matso har ina jin ƙamshin turarensa.

Sai aka kama ni a gwiwar hannu. Inna Saratu ce, mahaifiyar Iliya, wadda ta ciyar da ni tuwo shekara da shekaru muna yara. Idonta ya kusa mutuwa, amma ta ji wata ta ambaci sunana.

"Kai na, Yohanna? Mi ya hana ka zuwa gaishe ni? Iliya, taho ga ɗan'uwanka!"

Ba ta san komai ba. Ta jawo hannuna daga cikin jaka, ta lalubo na Iliya, ta haɗa su cikin nata. Ta fara addu'a a gaban jama'a: "Yesu, ga hannuwan ɗiyana. Da su suke ci, da su suke ciyar da mu. Ka tsare su daga mugu. Wanda duk ya nufe su da sharri, ka juya mishi zuciya."

Wayyo 'yan'uwa! Ni ne mugun, kuma tana riƙe da ni! Na zube a ƙasa, jaka ta faɗi, guduma ta fito fili. Na ɗaga murya na ce, "Yesu, ka cire mini wannan abu, ni na kasa!" Na yi kuka kamar an yi mini mutuwa. Inna tana ta tambaya, "Mi ya faɗi? Mi ya samu yaron?"

Iliya ya ga gudumar. Ya dube ni, ya dubi hannunsa.

Ba zan yi muku ƙarya a gidan Allah ba. Har yau bai ce mini yi haƙuri ba. Fushin ma bai tafi rana ɗaya ba. Na yi watanni ina zuwa wajen Fasto muna addu'a, wani lokaci ko sunan Iliya ba na iya ambata. Amma ranar da na iya cewa "Ubangiji, ka albarkace shi" har cikin zuciyata, na koma gida na ci abinci na ƙoshi, Talatu ta tsaya tana kallona tana share hawaye.

Ba don Yesu ba, da yau ina kurkuku, 'ya'yana suna yawo da sunan uban da ya nakasa mutum. Ga ni a gabanku, aiki ya dawo, gidana lafiya. Na gode wa Yesu!

In akwai wanda ya shigo nan da sunan wani a zuciyarsa, yana jiran ranarsa, ina roƙonka kada ka fita da shi. Na san daɗin wannan jiran, na kuma san inda yake kai mutum. Ka kawo sunan gaban Ubangiji yanzu, ko muryarka tana rawa. Wanda ya tare ni a Tsafe yana nan tare da mu.

Yabo ya tabbata ga sunansa. Amin!