Ƙwallon Dabino a Baki

A tashar Karaye ana jiran motar Rogo ta cika. Wani magidanci da wani dattijo suna zaune a benci ɗaya.

"Sannu, Baba. Tun ɗazu nake ganin kana tsotsar abu. Haƙori ne?"

"Ƙwallon dabino ne, ɗana. Maganin gulma. Da na ji maganar wani ta taso mini, sai in jefa shi a baki."

"Yana aiki kuwa?"

"Wata bakwai ke nan. Shekara talatin ina zaman majalisa a gindin darbejiya a Kurugu, duk wanda ya gifta sai mun feɗe shi. Rannan da hantsi muka yi da Malam Sulle, da la'asar muka kai shi makwancinsa. Ban samu na roƙi gafararsa ba. Tun ranar ban koma ba."

"Allah Ya jiƙansa. Ai ka huta."

"Na huta. Yanzu wai waliyyi suke kirana, gaisuwa ma sai daga nesa. Har da Ashiru, mutumin da kowa ya san…"

Dattijon ya yi maza ya mai da ƙwallon baki.

Direba ya ɗaga murya: "Rogo, saura mutum biyu!"

"Baba, taso mu shiga."

"Je ka, ɗana. Ni ba inda za ni."

"To me kake jira a nan?"

"Nan kowa baƙo ne. Ban san kowa ba balle in yi da shi, sai in samu in yi hira lafiya. Allah Ya kiyaye hanya. In ka dawo ta nan, ka duba bencin nan. Ina nan har la'asar."