Abin da Maza Suka Binne

TORIKA: Alo? Alo! Wa ke magana?

MILA: Gwaggo Torika, ina wuni? Ni ce.

TORIKA: Wa? Tsaya in hau tudu, cikin kicin ɗin nan ba a jin komai... Yawwa. Wa aka ce?

MILA: Ulamila ce, daga Suva.

TORIKA: A'a, Mila 'yar jami'a! Yau an tuna da mutanen ƙauye? Lafiya lau. Ya Suva, ya ruwa?

MILA: Ruwa ya yi gyara, tun Lahadi bai ɗauke ba. Ya ƙafar taki?

TORIKA: Tana nan tana mulkinta. Ke kina cin abinci kuwa? Hoton da kika turo, wuya kamar na zalɓe.

MILA: Ina ci mana. Ya mutanen coci? An fara yankan rake?

TORIKA: An fara, motoci sun gama da hanyar Labasa. Kowa lafiya.

MILA: Madalla. Ya... ya Baba?

TORIKA: Yawwa, an zo wurin. Ƙanena tun jiya da kuka yi waya yake cika yana batsewa, ko gwazar da na dafa bai taɓa ba. Me kika ce masa?

MILA: Sa hannu kawai na roƙa, Gwaggo. Ya kashe wayar.

TORIKA: Sa hannu a kan me? Miji kika samo?

MILA: Haba Gwaggo! Tallafin bincike ne. Wata gidauniya ce a Ostireliya take neman mutum uku a duk tsibiran nan. Shekara biyu za su ɗauki nauyin komai, in an gama kuma akwai aiki da ƙungiyoyin raya ƙasa.

TORIKA: Raya ƙasa? To ki ce su zo su gyara mana gada.

MILA: Masu gada daban ne. Namu ɓangaren zaman lafiya ne tsakanin addinai.

TORIKA: Ikon Allah. Zaman lafiyar ma karanta shi ake? Ya ake yi, ana ba ku littafi ne?

MILA: Tambaya ake yi. Ki je inda aka yi rikici aka shirya, ki zauna da mutane, ki ji yadda suka yi, ki rubuta don wasu su koya.

TORIKA: Su biya ki don kin zauna kin ji magana? Ni shekara sittin ina yin wannan kyauta! Su wa ke karantawa?

MILA: Masu aikin sulhu a wasu ƙasashe. Gwaggo, cikin mutum ɗari biyu na kai zagayen ƙarshe. Takarda ɗaya ta rage, ta amincewar al'umma, sa hannu ɗaya daga kowane ɓangare. Juma'a ƙarfe biyar ake rufewa.

TORIKA: To me ya ɓata wa babanki rai a nan? Wane rikicin kika ce za ki bincika?

MILA: Namu.

TORIKA: Na wa? Layin ya yi ƙara.

MILA: Namu, na ƙauye. Shekarar da aka haife ni, da wa'adin hayar gonar maƙwabtanmu Musulmi, su Kawu Rafik, ya ƙare aka ƙi sabunta musu, rakensu ya ƙone, aka jefi masallacinsu...

TORIKA: Kai! Ke! Rage murya.

MILA: Ni kaɗai ce a ɗaki.

TORIKA: Ni ba ni kaɗai ba ce a kan tudu. Amma ke dai karatu ya yi miki yawa. Babanki da ƙafarsa ya je gidan Rafik da tambuwa, haƙorin kifin nan na kakanku, ya durƙusa ya miƙa. Rafik ya karɓa. Aka dama yangona, abin shanmu na gargajiya, tun da su ba sa sha, Rafik ya taɓa ƙwaryar da hannu, aka tafa. Daga ranar an binne maganar. Ke kuma ki zo da na'urar ɗaukar magana ki ce a tono?

MILA: Ba laifin kowa nake nema ba. Yadda aka shirya nake son sani. Wata tara ba gaisuwa, sai rana ɗaya Baba ya tashi ya ɗauki tambuwa. Me ya sa? Ba wanda ya taɓa gaya mini.

TORIKA: Kuma ba namijin da zai gaya miki. Rafik ma ba zai sa hannu ba, shi ya karɓi haƙorin.

MILA: Shi ke nan, na rasa. Shekara uku ina nema, Gwaggo. Na gaji da aikin wata uku-uku, ina rubuta wa wasu rahoto suna sa sunansu.

TORIKA: Kar ki yi mini kuka a waya, katinki kike ƙonawa. Karanta mini takardar. Wa suka ce ya sa hannu? Sarki? Fasto?

MILA: Tsaya... "Shugaban wata ƙungiya da al'umma ta amince da ita, daga kowane ɓangare."

TORIKA: Sun ce sai mai gemu?

MILA: Ba su ce ba.

TORIKA: To wa ke shugabancin zumuntar matan coci shekara sha ɗaya?

MILA: Ke ce.

TORIKA: Wa ke tara matan masallaci?

MILA: Inna Nisha, matar Kawu Rafik. Amma Gwaggo, ba yanzu kika ce an binne ba?

TORIKA: Ranar binnewar ina muke? Muna bayan gida, ni ina goge kwakwa, Nisha tana murza gurasarsu ta roti, muna ciyar da su. Ba wanda ya miƙa mana haƙori, ba wanda ya ce mu tafa. Abin da maza suka binne nasu ne: wa ya kunna wuta, wa ya yi jifa. Wannan ko a bakina ba za ki ji ba. Namu kuwa yana nan a sarari, ba a dai taɓa tambayarmu ba.

MILA: Naku? Akwai naku?

TORIKA: Ji 'yar bincike! Su waɗannan mutanen naki suna karɓar maganar mata?

MILA: Ita suka fi nema ma! Amma Baba fa?

TORIKA: Bar ni da shi, ni na goye shi. Ki hau jirgin ruwan Laraba, ki taho da takardar da na'urar. Ki sayo ɗaurin saiwar yangona ki fara gaida sarki yadda ya kamata, kar ki shigo mana kamar 'yar yawon buɗe ido.

MILA: Zan sayo. Gwaggo, katina ya kusa ƙarewa, ki ɗan gutsura mini. Me ya faru a wata taran nan?

TORIKA: Ke da za a biya ki don tambaya, bari in tambaye ki. Kowane yaro a gidanmu an binne cibiyarsa an dasa kwakwa a kai. Ta yayanki tana bayan kicin. Taki tana ina?

MILA: Baba ya ce guguwa ta kayar da ita.

TORIKA: Guguwa! Ranar da uwarki ta fara naƙuda da tsakar rana, kogi ya shanye gada, maza duk suna zauren taro suna shawarar korar su Rafik. Ni ban taɓa karɓar haihuwa ba, kuma da ƙafa kika taho. Na fita da gudu ta cikin ƙonanniyar gonar nan, na buga ƙofar da aka hana mu bugawa.

MILA: Gwaggo...

TORIKA: Doguwar kwakwar nan ta ƙofar gidan Nisha, wadda take aiko miki da 'ya'yanta duk Kirsimeti har Suva, ba ta yarda kowa ya hau sai don ke. Shekara da shekaru kina sha, ba ki taɓa tambayar dalili ba?

MILA: Cibiyata tana... Gwaggo, ita ce ta yanke...? Alo? Gwaggo! Alo?