Shafin da Auta Ta Gina Wa Kunnena

Shugaban wannan taro, shugabar cibiya da malamanta, manyan baƙi, iyaye 'yan'uwana, da ku 'ya'yana da kuka kammala koyon gina shafukan intanet da rubuta manhaja, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ina godiya ga Allah da ya tara mu lafiya, ina godiya ga cibiyar nan da ta ba tsohuwar malamar firamare damar magana a gaban masana kwamfuta. An ce mini zauren ya cika, na kuma yarda, domin ina jin motsin kujerunku ko da yake ba na ganinku.

Ciwon suga ne ya tafi da idona bayan na yi ritaya. Ni da na ƙare ƙuruciyata ina koya wa yara karatu, sai ga shi ko takardar maganina ta gagare ni. Ana cikin haka asibitinmu ya mayar da neman ganin likita ta intanet. Duk wata sai na roƙi wani ya shiga mini, ya karanta sakamakon gwajina da ƙarfi, ya san abin da ke jikina kafin ni. Nauyin hakan ya sa na daina zuwa asibiti, har ƙafata ta kumbura.

Autata, wadda ke koyar da wasunku a nan, ita ta gano. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta je ta roƙi asibitin su bar ta ta gyara shafin, suka yarda. Ta dawo ta ture kwanuka daga teburin cin abinci, ta ajiye kwamfutarta, ta ce, "Mama, matso kusa. Aikin nan ba zai yiwu ba sai da kunnenki." A teburin nan na san kayan aikinku, kuma su nake so in yi muku wasiyya da su.

Na farko, manhajar da ke karanta wa makaho abin da ke kan allo. Da Auta ta kunna ta a tsohon shafin, sai muryar ta dinga cewa, "Maɓalli. Maɓalli. Hoto. Maɓalli." Na ce, "Auta, wannan bawan Allah ba shi da wata magana ne?" Ta yi dariya, can kuma na ji dariyar ta koma jan hanci. Ta ce, "Ba laifinsa ba ne, Mama. Ba a raɗa wa komai suna a shafin ba." 'Ya'yana, manhajar nan tana cikin wayar da ke aljihunku. Duk shafin da kuka gina, ku kunna ta, ku rufe ido, ku ajiye linzamin kwamfuta, ku ji ko za ku iya kaiwa inda kuka nufa.

Na biyu, tagar nan ta burauza, wato manhajar buɗe shafukan intanet, da ke nuna cikin shafi, kamar yadda tela ke juya riga ya duba ɗinki, tare da bayanan jagora da masana suka zuba kyauta a intanet. Auta malama ce, amma ban taɓa jin ta ji kunyar komawa ta duba ba.

Na uku, ma'ajiyar da kuke kira Git, mai riƙe tarihin duk abin da kuka rubuta. Wata rana na ji Auta ta yi salati, shafin ya ƙi buɗewa gaba ɗaya. Kafin in gama jajanta mata ta ce, "Shi ke nan, na mayar da shi yadda yake jiya." Na ce, "Ikon Allah! Ina ma ido yana da irin wannan." Ta riƙe hannuna.

Na huɗu kuwa mutane ne. Wurin zaɓen ranar ganin likita a shafin ya ƙi jin magana, ta yi iya yinta ta gaji, sai ta rubuta tambaya a zauren intanet da masu wannan sana'a ke taimakon juna, ta ce don mahaifiyarta makauniya take aikin. Wani da ba mu sani ba ya amsa, ya nuna mata gyaran dalla-dalla. A ƙarshe ya ce shi ma makaho ne, da kunne yake rubuta manhaja, ta gaishe masa da mahaifiyarta. Har yau ina sa shi a addu'a. Ku yi tambaya, kada girman kai ya hana ku; idan kun sani kuma ku amsa, kada rowa ta hana ku.

Ranar da aikin ya kammala, Auta ta sa mini abin ji a kunne, ta koma bakin kicin ta tsaya. Muryar ta ce, "Nemi ganin likita." Na danna. Na zaɓi ranata da kaina, na saurari sakamakon gwajina ni kaɗai. Auta ta kasa haƙuri ta ce, "Mama, me ya nuna?" Na ce, "Sai na ga dama zan faɗa miki." Sai ta fashe da kuka, ta taho ta rungume ni. Daga wannan watan ban sake fashin asibiti ba.

Saboda haka, 'ya'yana, idan kun zauna gaban allo, ku tuna akwai mai zuwa shafinku da kunne, akwai mai zuwa da hannu mai rawa, akwai mai zuwa da tsohuwar waya. Ku bar musu hanya.

Allah ya sa albarka a iliminku, ya tsare muku idanunku da zukatanku. Allah ya saka wa malamanku da iyayenku da alheri, ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Na gode.