Jan Maɓalli da Rigar Kawu

Assalamu alaikum mai gabatarwa, ya aiki? Sani kafinta ne daga Talatar Mafara.

Injina na yankan katako mai aiki da wutar lantarki layi uku ne, makunninsa can jikin bango. Wani makaniken Bakolori ya matsa mini, na sa jan maɓallin tsayarwa daidai gwiwa.

Ran Juma'a kawuna ya biyo daga masallaci, ya matso kallo, sai injin ya cafke hannun babbar rigarsa. Ina riƙe da katako, na doki maɓallin da gwiwa, injin ya tsaya.

Kawu ya ce, "Alhamdulillahi hannuna na nan. To rigar fa, Sani?"

Kafintocin Bakura da Maradun, ina gaishe ku, ku sa maɓallin nan. Kuma don Allah, wa ya san tela nagari?