Ciyawar Sa'adiyya da bagaruwata

Assalamu alaikum Ustaz mai gabatarwa. Ni ɗaliba ce daga wajen Hasahisa.

Makarantarmu ta raba mana tsohon ramin tsakuwa da aka cike, kowa ta raya nata. Tudu na samu, na dasa bagaruwa, duk bazara ina jido mata ruwa. Ƙawata Sa'adiyya ta samu kwari, ba ta dasa komai ba. Mai dubawa da zai ba wadda ta fi ƙoƙari riƙon lambun makaranta ya zo tsakiyar damina, ya tarar ciyawa ta rufe nata. Ya ce, "Ma sha Allah, yarinya, lambun makaranta naki ne!" Nawa ko tsayawa bai yi ba.

Tun ranar gaisuwarta nauyi take mini. Ustaz, in roƙe shi ya dawo da bazara, ko hassada ce kawai ke cina?