Waƙar Hansatu da Aka Yanke wa Ƙarshe

A rumfar mai tura waƙoƙi a Gyaɗi-Gyaɗi, wata tsohuwa ta dangwarar da wayarta.

"Kai yaro, waƙar marigayiya Hansatu na ce ka tura min, ka ba ni guntuwa."

"Inna, haka ake yayinta yanzu. Ƙarshen ai jerin sunaye ne kawai."

"Kawai? Ni nake mata lalle duk fim ɗin da za ta fito. A nan ta ambace ni. Jikokina cewa suke ƙarya nake."

Ya lalubo cikakkiyar, ya kunna ƙarshen: "Tabawa mai lalle, 'yar Tarauni, ƙawata."

"To Inna, sai ki kai musu su ji."

"Su jira. Mayar baya. Tun da ta rasu ba wanda ya kira ni ƙawa."